Makokin Evelyn Smythe: yadda ake sa kunne ya ji rashi a labarin da ke da injin komawa jiya

Marubucin da ya ba jaruminsa injin keta zamani ya ɗaura wa kansa dutse a wuya tun kafin ya kashe kowa a labarin. Da zarar an ce wance ta mutu, tambayar da ke zuwa bakin mai sauraro ita ce me ya hana a koma jiya a janye ta daga wurin. In ba a ba shi amsar da za ta zauna masa ba, duk kukan da za a yi bayan nan banza ne, domin ya san akwai ƙofa a buɗe. Shirin Doctor Who na BBC, wanda ya fara fitowa a talabijin ranar 23 ga Nuwamba 1963, ya daɗe yana fama da wannan matsala, kuma sau da yawa tsallake ta yake yi. A 1982 yaron nan Adric, ɗaya daga cikin abokan tafiyar Dakta, jarumin shirin, ya mutu a ƙarshen labarin Earthshock. A labarin da ya biyo baya sauran abokan tafiyar biyu suka roƙi Dakta ya koma ya cece shi, ya ce akwai dokokin da ba a karyawa ko da TARDIS, akwatin nan shuɗi mai keta zamani da suke yawo a cikinsa. 'Yan mintoci kaɗan aka ba maganar, aka wuce zuwa wani labarin jirgin sama da ya ɓace.

Inda aka zauna aka yi wa rashi aikin da ya kamata shi ne wasannin saurare na kamfanin Big Finish da ke Birtaniya, wanda ya samu lasisi daga BBC ya fara fitar da labaran Dakta a faifan CD a watan Yuli 1999, lokacin da shirin talabijin ɗin ya yi shekara goma da tsayawa. Kuma mafi kyawun misali a cikinsu shi ne abin da aka gina a kan Evelyn Smythe, wata abokiyar tafiyar Dakta a waɗannan wasannin.

Evelyn malamar tarihi ce a jami'a, mai shekara 55, ƙwararriya a tarihin gidan sarautar Tudor na Ingila. Maggie Stables ce ta ba ta murya, kuma ta fara fitowa a The Marian Conspiracy na Jacqueline Rayner a shekarar 2000, tare da Dakta na shida, wato Colin Baker, ɗan wasa na shida da ya fito a matsayin Dakta. Zaɓen shekarunta shi ne tushen komai. Dakta na Colin Baker a talabijin, tsakanin 1984 da 1986, mutum ne mai faɗa da ji da kai, abokiyar tafiyarsa kuwa yarinya ce da ba ta iya taka masa burki. Evelyn ta saba da gyara wa ɗalibai zama, ta ga rayuwa, tana kallon matasan da suke haɗuwa da su a hanya da idon uwa. Mace irin wannan in ta yi rashi, mai sauraro ya san ba firgita ce ta rana ɗaya ba.

An jera mata rashin a hankali, faifai bayan faifai. A Project: Twilight na Cavan Scott da Mark Wright, Agusta 2001, sun haɗu da Cassie Schofield, wata matashiya mai aiki a gidan caca a Landan, wadda ta bar ɗanta ƙarami wajen mahaifiyarta. Aka sa mata cutar da ke mai da mutum mai shan jini. Dakta ya ajiye ta a wani wuri mai nisa da mutane, da alkawarin zai nemo magani ya dawo. Wannan alkawari ya zauna a kunnen masu sauraro wata 22. A Project: Lazarus, Yuni 2003, ya dawo da maganin amma ya makara: wata hukumar sirri mai suna Forge ta riga ta ɗauke ta, kuma babban jami'inta Nimrod ya kashe ta suna gab da tserewa. A cikin faifan ne kuma aka ji cewa Evelyn na da ciwon zuciya da take ɓoye wa Dakta, don kada ya mai da ita gida. Wata biyu kafin wannan, a Doctor Who and the Pirates, ta riga ta rasa Jem, wani yaro mai hidima a jirgin ruwa. Rashi biyu ke nan a jere, dukansu matasa, dukansu waɗanda ta ɗauka a ranta cewa amana ce a hannunta. Daga nan labarinta bai ci gaba ba sai Mayu 2004, da fitowar Arrangements for War na Paul Sutton, lamba ta 57 a jerin na wata-wata.

Darasi na farko ke nan ga mai rubuta irin wannan wasa, kuma shi ne wanda aka fi yi wa gaggawa: nauyin makoki daidai yake da mintocin da aka kashe wa mamacin yana raye. A fim kyakkyawar fuska da hoto ɗaya a bango suna iya sa mai kallo ya ji tausayi. A wasan saurare mamaci ba shi da hoto. Abin da ya bari shi ne muryarsa a ƙwaƙwalwar mai sauraro, kuma murya ba ta zama sai an ji ta a fitowa da yawa, tana dariya, tana gardama, tana maganar abin da ba shi da alaƙa da mutuwarta. Cassie ta samu wasa guda da rabin wani kafin a kashe ta. Wanda ya ƙirƙiro mutum a minti na biyar ya kashe shi a minti na ashirin, duk kukan da ya rubuta bayan nan ihu ne bayan hari.

Wasan Jem ya fi duk sauran wayo a gini, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Evelyn ce ke ba da labarin da bakinta, ta je ɗakin wata ɗalibarta Sally da dare ba tare da an gayyace ta ba, ta zauna tana zuba mata labarin 'yan fashin teku ko tana so ko ba ta so. Mai sauraro na jin labarin yana karkacewa: ta canja wani abu, ta koma baya, ta ƙara abin dariya, ta tsallake wani wuri. Da farko sai a ɗauka rashin iya ba da labari ne. Can sai a gane tana kewaye ne, akwai wurin da ba ta son isa, wato inda aka kashe Jem. Da ta kasa, Dakta ya karɓa, kashi na uku ya rikiɗe ya zama waƙe-waƙe a kan kiɗan Gilbert da Sullivan, mawallafan wasannin waƙa na ban dariya na Ingila, duk don a jinkirta isa wurin. Sannan a gane cewa ita ma Sally tana ɗauke da nata rashin, har ta yanke ƙauna da rayuwa, kuma sun zo ne don kada ta kwana ita kaɗai a wannan daren. Wannan dabara ta kunne ce zalla. Tunda mai sauraro ba ya ganin komai sai abin da mai ba da labari ta faɗa, duk inda ta kauce yana jin ramin. Kuma ga amsar tambayar injin zamani a ɓoye: TARDIS bai dawo da Jem ba, amma ya kai su ga wadda ke raye a kan lokaci.

Hanyoyin rufe waccan ƙofa ba su wuce uku ba. Ko a kafa doka a ce ba a yi, kamar yadda aka yi bayan Adric, wanda shi ne mafi arha kuma mafi rauni, domin dokar da marubuci ya kafa yau zai iya karya ta gobe. Ko a bari a gwada a ga barnar da ke biyo baya, kamar a Father's Day na 2005 a talabijin, inda Rose, abokiyar tafiyar Dakta, ta ceci mahaifinta daga mota duniya ta fara rugujewa. Ko kuma a kai mutum har bakin ƙofar, ikon yana hannunsa, ya janye da kansa. Arrangements for War ta ukun ya ɗauka, kuma ya ɗauke ta ta hanyar da ba a zata ba.

Wasan ya buɗe Evelyn na fushi. Ba mutuwar Cassie kaɗai ke cin ta ba, yadda Dakta ya shanye abin ya ci gaba da harkokinsa shi ne ya fi ƙona mata rai. Ta nemi ya kai ta wurin da babu tashin hankali, ya kuma ba ta sarari. Ya kai ta duniyar Világ, kalmar da ke nufin duniya a harshen Hungary, inda ƙasashe biyu da suka daɗe suna yaƙi, Galen da Malendia, ke shirin sulhu ta hanyar aurar da Gimbiya Krisztina ga Yarima Viktor. Dakta ya san nan gaba kaɗan wasu halittu da ake kira Killoran za su kawo hari, kuma haɗin kan ƙasashen ne zai kore su. Sai ga shi da bakinsa, ba da sani ba, ya ƙarfafa wa gimbiyar da wani ƙaramin soja Marcus Reid gwiwa a kan soyayyar da ke iya rusa auren da sulhun gaba ɗaya. Ita kuwa Evelyn ta samu wanda zai saurare ta, Gwamna Rossiter na ƙasa ta uku, wanda Gabriel Woolf ya ba murya.

A lura da abin da aka yi da lokaci a nan. Tsarin da aka gada daga talabijin kashi huɗu ne, kowanne minti 25 zuwa 30, a faifai biyu, kuma kowane kashi dole ya ƙare a kan wani haɗari da zai sa a kunna na gaba. Mutum yana furta kalma kamar 150 a minti, in aka cire kiɗa da motsi da shiru, kashi guda bai fi kalma dubu uku da ɗari biyar zuwa dubu huɗu ba. A cikin wannan ɗan fili za a gabatar da sabuwar duniya, a kafa mugu, a yi gudu, a kai ga haɗarin ƙarshe. Shi ya sa makoki ke shan kashi a irin wannan shiri, babu inda za a ajiye shi. Sutton ya sayi fili ta hanyar ture harin zuwa can kusa da ƙarshe, ya shimfiɗa labarin a kan makonni maimakon kwana ɗaya, ya kuma raba Dakta da Evelyn a yawancin wasan. Rabuwar tana da amfani na zahiri. Mai makoki ba ya faɗa wa wanda yake fushi da shi abin da ke ransa, yana buƙatar kunne na uku. Ba don Rossiter ba, da sai an sa Evelyn ta riƙa magana ita kaɗai a ɗaki, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a wasannin rediyo: mutum yana bayyana wa bango halin da zuciyarsa ke ciki don marubuci ya rasa wanda zai sa a gabansa.

Sannan aka juya tabarmar. Krisztina da Marcus suka mutu a harin, kuma wannan karon Dakta ne ya shaƙu da su. Shi da ke wa'azin ba a taɓa tarihi, shi ne ya ruga cikin TARDIS zai koma ya gyara, Evelyn ce ta tsaya masa. Abin da suka samu a ƙarshe shi ne su ga matasan biyu daga nesa a wani lokaci na baya, suna raye, ba su san abin da ke gabansu ba. Ta samu amsar abin da ya dame ta tun farko, ko yana jin zafi ko ba ya ji, ba tare da ya yi mata dogon bayani ba.

Wasan na da nasa aibin, kuma bai kamata a rufe ba. Dakta ya ɗauki mace mai makoki da ta roƙi wurin hutu ya kai ta inda ya san yaƙi na tafe, kuma labarin bai tuhume shi a kan haka yadda ya kamata ba. Su Killoran kuwa gurnani ne da ƙarar bindiga kawai, an kawo su ne don su kashe waɗanda ake so a kashe. Abin da ya fi damuna shi ne yadda makokin Evelyn ya ƙare da ita tana lallashin wanda ta zo tana fushi da shi. Cassie ba ta dawo ba, alkawarin da aka yi mata an saɓa, amma da zarar Dakta ya yi nasa kukan sai aka ɗauka an biya bashi. Ga kuma matsalar wanda ya sayi faifai na 57 kaɗai: sunan Cassie a kunnensa suna ne kawai, ba shi da muryar da zai jingina shi da ita.

Duk wannan rubutu ne. Rabin aikin yana ɗakin ɗauka da teburin tacewa, kuma a nan ne wasanni da yawa masu kyakkyawan rubutu ke lalacewa.

Tazarar da aka saba tsakanin baki da makirfo ita ce santimita 15 zuwa 20. Don maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, irin ta wanda kuka ya ci ƙarfinsa, ana matsowa zuwa kamar 10. Makirfon da ke ɗaukar sauti daga gaba kaɗai yana ƙara wa murya kauri in an matso shi, wannan kaurin shi ke sa mai sauraro ya ji kamar a kafaɗarsa ake magana. Amma matsowar na kawo iskar baki a kan haruffa irin su b da f, don haka ana sa raga a tsakani, ko a ɗan karkatar da makirfon ya kalli gefen baki. Kuka kuma ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya. Daga raɗa zuwa shessheƙa mai ƙarfi ana iya samun tsalle na desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ashirin ko fiye, in aka saita ɗauka daidai da raɗar, shessheƙar za ta fashe, kuma sautin da ya fashe a ɗauka da wuya ya gyaru. Ana barin sarari a sama tun farko, daga baya a matse tazarar da ke tsakanin raɗa da shessheƙa kaɗan, biyu ko uku bisa ɗaya. In aka matse fiye da haka, numfashi da haɗiyar yawu za su taso su yi daidai da magana, kukan ya koma kamar na inji.

Numfashi shi ne abin da mai tacewa sabon hannu ke fara yankewa, domin an koya masa tsabtace murya. A fitowar makoki numfashin shi ne wasan. Jan iskar da mutum ke yi kafin ya iya furta sunan mamaci ya fi sunan kansa nauyi. Haka na'urar da ke rufe layi da kanta in sauti ya yi ƙasa, dole a kashe ta a irin wannan fitowa, in ba haka ba za ta datse wutsiyar kowane nishi. Akwai kuma abin da 'yan wasa da daraktoci suka sani: wanda ke ƙoƙarin danne kuka ya fi wanda ya sake shi taɓa zuciya a makirfo, kuma kalmominsa sun fi fita. Kuka sosai yana cinye baƙaƙe, mai sauraro kuwa ba shi da leɓen da zai karanta.

Shiru ma ana auna shi. Daƙiƙa ɗaya tsakanin magana da amsa ba a jin ta. Uku shiru ne mai ma'ana. Ya haura biyar, mai sauraro zai duba ko wayarsa ce ta tsaya, sai fa in akwai wani abu da ke gudana a ƙasa. Shi ya sa ba a barin shiru tsirara. Ana shimfiɗa masa sautin ɗaki, wanda ake ɗauka daban na daƙiƙa talatin zuwa minti guda kowa ya yi tsit. A nan Doctor Who ya yi gadon arziki, domin cikin TARDIS yana da wani gunji mai laushi da ba ya yankewa, wanda masu sauraro suka sani tun daga talabijin. Mutum biyu na iya yin shiru a kansa na tsawon lokaci kuma a san har yanzu suna tsaye a wuri guda, ba mai kallon wani.

Fushin Evelyn yana buƙatar tazara, tazara kuwa a kunne gina ta ake yi. Idan 'yan wasa kowa na cikin nasa ƙaramin ɗaki da nasa makirfo, kamar yadda ake yawan yi don a samu muryar kowa a layinta daban, to duk suna fitowa a nisa ɗaya, kamar an jera su a kan benci. Mai haɗa sauti ne zai raba su. A fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kamar desibel shida. Amma rage ƙarfi kaɗai ba ya sa mutum ya yi nisa, yana sa shi ya yi ƙasa da murya ne kawai. Sai an rage kaifin muryar, an ƙara amsa-kuwwar ɗaki a kanta, an sa takun ƙafa da ya dace da irin daɓen wurin, sannan kunne zai yarda cewa ta juya baya ta tafi. Runguma ta fi wuya, tunda ba wanda ya taɓa wani a wurin ɗauka. Ana ƙara motsin tufafi, a dusashe muryar ɗaya kamar bakinsa na jikin kafaɗa, a kawo su biyun tsakiya wuri ɗaya.

Kiɗa kuma ya zauna ƙasa da magana da desibel 15 zuwa 20, kuma ya shigo bayan maganar ta sauka. In ya riga ta, ya gaya wa mai sauraro abin da zai ji tun kafin ya ji, ɗan wasan ya zama mai bin kiɗa. Sannan a gwada haɗin a ƙaramar sifikar waya, ba a manyan na situdiyo kaɗai ba. Ƙananan sifiku ba sa fitar da sauti mai zurfi sosai, don haka gunjin da aka dogara da shi don riƙe shiru yana iya ɓacewa gaba ɗaya, a bar mai sauraro da rami. A kuma saurara da kunne ɗaya, domin wanda ya sa iyafis guda yana aiki zai rasa duk muryar da aka tura can gefe ɗaya.

Sai batun dawo da muryar mamaci a matsayin tunani, da amsa-kuwwa mai yawa a kanta. Yana aiki sau ɗaya, in gajere ne kuma jimlar da aka dawo da ita ba ta da wani nauyi a lokacin da aka fara faɗinta. In aka maimaita, mamacin ya koma fatalwa mai zuwa duk sanda marubuci ya ga dama, rashin kuma ya daina zama rashi tunda har yanzu ana jin sa.

Masu labarin Evelyn sun bi wata hanyar dabam don biyan bashin Cassie, kuma sun yi haƙurin shekaru. A 2004, a The Harvest, Dakta na bakwai, Sylvester McCoy, ya ɗauki wani matashi ma'aikacin jinya da ake kira Hex, wanda Philip Olivier ya ba murya. Cikakken sunansa Thomas Hector Schofield. A Thicker Than Water na Satumba 2005, shi ma na Sutton, an ji cewa Evelyn ta bar TARDIS ta koma Világ ta auri Rossiter, kuma a ƙarshen wasan Dakta na bakwai ya zo mata da labari guda: yaron da Cassie ta bari ya girma, yana lafiya, yana tafiya tare da shi. Ita kanta Evelyn ta mutu a A Death in the Family na Steven Hall a 2010, bayan ta haɗu da Hex ɗin ido da ido. Maggie Stables ta rasu a Satumba 2014.